Tambaya da Amsa: Wai haske ma yana yin guguwa?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce, ina karanta Fiziks. An ce mana idan haske ya ratsa iska mai hargitsi, akan sami wasu 'yan ɗigo inda yake murɗewa kamar guguwa, tsakiyarsu kuma duhu ne ƙirin. Kaina ya ɗaure. Ta yaya haske zai haifi duhu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ki tsaya bakin kwalta da azahar a watan Afrilu, ki hangi motar da ke tahowa daga nesa. Za ki ga tana rawa kamar a cikin ruwa. Iska mai zafi ce ke tashi tana cuɗanya da mai sanyi, haske kuwa ya ɗan fi sauri a mai zafi. Bambancin ba shi da yawa: digiri ɗaya na zafi yana canza gudunsa da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. Amma ki yi lissafi. A tafiyar kilomita 1, tazarar ta kai milimita 1. Haske kuwa yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari, kuma igiyoyin koren haske kusan 2,000 ne ke shiga milimita guda. Kin ga ba abin rainawa ba ne.

Hasken da ya taso daga nesa a jere yake zuwa, kamar sahun da liman ya daidaita. Iska ta karya sahun, wani ɓangare ya yi gaba, wani ya makara. Idan tafiyar ta yi tsawo, ɓangarorin sukan karkata su ratsa juna. Inda tudun wata igiya ya haɗu da kwarin wata, sai su cinye juna. Da zarar uku ko fiye sun haɗu, ana iya samun ɗigo guda inda babu saura ko kaɗan. Duhun da kika tambaya ke nan.

Murɗewar ce ta fi ba ni sha'awa. Ki dubi agogon bango. Ko'ina kika tsaya a gefensa akwai lamba, idan kika zaga kuma kin bi 1 har 12. To a kan ƙusar tsakiya ƙarfe nawa ne? Babu amsa. Haka matakin kaɗawar igiyar yake, wato inda ta kai tsakanin tudu da kwari: a kewayen ɗigon yana yin cikakken zagaye ɗaya, a tsakiya kuwa ba shi da ƙima. John Nye da Michael Berry na Jami'ar Bristol a Ingila ne suka fayyace wannan a 1974, kuma ba ma daga haske suka faro ba, daga amsa-kuwwar igiyoyin rediyo ne a ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika. A cikin iska, ɗigon nan tagwaye ake haifarsu, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, in sun sake karo su ɓace tare.

Masu manyan na'urorin hangen taurari, irin na Paranal a ƙasar Chile masu madubi mai faɗin mita 8.2, suna gyara ɓarnar iska da wani ƙaramin madubi mai lanƙwasuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, dabarar da Horace Babcock ya kawo tun 1953. Sai dai madubi shimfiɗa ɗaya ce. Zai iya yin tudu da kwari, amma ba zai murɗe ba sai ya tsage. David Fried da Jeffrey Vaughn sun yi rubutu kan wannan matsala a 1992. A ganina masu aika saƙo da hasken lesa kusa da ƙasa sun fi shan wahalarta, don duk tafiyarsu a cikin iska mafi hargitsi take.

Idonki ba zai ga ɗigon ba, amma zai ga mafarinsu. Yau da dare ki gwada tauraron da ke dab da faɗuwa da wanda ke saman kanki: na ƙasan ya fi ƙyaftawa, don iskar da haskensa ya keto ta fi yawa. Gamzaki kuwa da ƙyar yake ƙyaftawa, saboda shi ɗan faifai ne a sama, ba ɗigo ba.