Hukuncin yin aikin kuɗi a bikin kiɗan rock a ƙasar Suwidin

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a wata jami'a da ke kudancin Suwidin. Idan bazara ta shigo ana ɗaukar ɗalibai aikin 'yan kwanaki a manyan bukukuwan kiɗa. An yi mini tayi a Sweden Rock Festival, aka ce in zaɓa: rumfar giya, ko rumfar abinci, ko shara da kwashe gwangwanaye. Kuɗin zai rage mini nauyin haya sosai. Ni ba kiɗan ne zai kai ni ba, kuma na ji an ce malamai sun yi saɓani a kansa. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka sa hannu a takarda.

Saɓanin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba zai ɗauke ka zuwa inda kake zato ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, ban da ganga mai fuska ɗaya a biki da idi. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin da Bukhari ya kawo, cewa za a sami wasu mutane cikin al'umma da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, ma ya faɗa ƙarara cewa bai halatta mutum ya yi gangancin sauraren kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe ba. Ibn Hazm ya raunana hadisin, Ibn Salah ya yi masa raddi, Ghazali kuma ya sassauta da sharuɗɗa. Amma ko masu sassaucin, sharaɗinsu na farko shi ne kada zaman ya haɗu da giya da batsa. Wurin da kake magana a kai, wanda ake yi kowane watan Yuni a Norje kusa da Sölvesborg, taro ne na dubban mutane da ke kwana a tantuna ana sha dare da rana. Kai kanka ka ambaci rumfar giya. Zuwa kallo dai babu malamin da zan iya jingina maka da shi.

Ba na cewa makaɗan duk ɗaya suke. Sabaton, mutanen Falun, waƙoƙinsu kan tarihin yaƙe-yaƙe ne. Europe, da suka yi tashe a shekarun 1980, ba su da wata rigima da addini. Ghost kuwa, 'yan Linköping, jagoransu yakan fito cikin kayan fafaroma da fuskar ƙwarangwal yana yabon Shaiɗan. Magoya bayansu na cewa wasan kwaikwayo ne kawai. To ko wasa ne, aya ta 140 a suratun Nisa'i ta hana mu zama inda ake izgili da ayoyin Allah har sai an canza magana. Su kansu mutanen ƙasar sun ga abin da cunkoso da maye ke haifarwa: bikin Bråvalla na Norrköping, bayan rahotannin fyaɗe da cin zarafin mata a 2017, masu shirya shi sun soke na 2018, bai sake dawowa ba.

Yanzu ga aikin da hannunka zai yi, domin nan ne hukuncin yake rarrabuwa.

Rumfar giya haramun ce, ba kwana-kwana. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai ɗaukarta, da mai zuba wa mutane, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Babu inda aka ce sai idan mai shan Musulmi ne. Na san wani zai kawo maka maganar Abu Hanifa cewa ana iya karɓar lada a kan ɗaukar wa wanda ba Musulmi ba giyarsa. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa a kai, kuma hadisin yana tare da su. Kuɗin haya ba ya cikin larurar da take halatta haram, muddin akwai wata ƙofa, kuma ga ƙofofi biyu an buɗe maka a wuri guda.

Rumfar abinci ta fi buƙatar bincike. Ciyar da mai jin yunwa halal ne a asalinsa, ko wane ne shi. Amma ka tambayi mai rumfar abu biyu: akwai naman alade a cikin abin da za ka soya ko ka miƙa, tunda yawancin tsiren-bature na can da shi ake yi? Kuma ana sayar da giya a teburi ɗaya da abincin? Idan ɗaya daga ciki ya tabbata, hukuncinta ya koma na rumfar farko. (Bikin Way Out West na Gothenburg ya daina sayar da nama tun 2012, don haka can matsalar alade ba ta tasowa, amma ta giya tana nan daram.) Idan rumfar ta kuɓuta daga duka biyun, kuɗinka halal ne, sai dai na karhanta maka aikin, saboda za ka yini cikin taron, idonka da kunnenka ba za su tsira ba.

Shara da kwashe gwangwanaye shi ne mafi sauƙi. Gwangwanin da aka shanye ba giya ba ne, ƙarfen goran-ruwa ne da za a mayar a narke, kuma kuɗin da ake biya a kansa kuɗin ajiya ne na gwangwanin. Kawar da ƙazanta daga fili ba taimako ba ne a kan saɓo irin wanda aya ta 2 a suratul Ma'ida ta hana. Ka nemi a sa ka a aikin safe kafin a fara kiɗa, ko na kwashe kaya bayan an watse. Ka sa safar hannu, ka ware tufafin salla, domin ragowar giya najasa ce a wurin mafi yawan malamai. Ka kuma yi magana da shugaban aikin tun farko a kan lokutan salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa can sai bayan ƙarfe 9 na dare, Magariba da Isha suna faɗawa daidai lokacin da taron ya fi zafi.

Da ɗan cikina ne ya tambaye ni, da na ce ya fara gwada gidajen kula da tsofaffi da masu kai musu hidima gida-gida. A watan Yuli ma'aikata da yawa suna tafiya hutu, ana neman masu riƙon ƙwarya, kuma aikin makonni ne, ba na kwana huɗu ba. In ba ka samu ba, kuma hayar ta matsa, karɓi sharar bisa sharuɗɗan da na ambata.

Wallahu a'alam.