Alhaji zai zuba kuɗi a fim, ni ne dillali: ya halatta in ci la'ada?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni mazaunin Agege ne, sana'ata dillanci. Akwai wasu samari a unguwarmu, haifaffun nan Legas, sun rubuta fim mai dogon zango kan rayuwar Bahaushe a kurmi, suna so su riƙa sakinsa a YouTube. Sun yi lissafi aikin zai ci naira miliyan 12. Na haɗa su da wani Alhaji mai harkar albasa a Mile 12, ya yarda zai bayar, da sharaɗin bayan shekara guda a mayar masa da miliyan 12 ɗinsa da ƙarin miliyan 3, ko fim ya karɓu ko bai karɓu ba. Ni kuma za a ba ni la'ada kashi 5 cikin 100, amma Alhaji ya ce sai na tsaya masa a kan kuɗin, tunda ni ya sani, bai san yaran ba. Malam, wannan ciniki ya halatta? La'adata fa?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗana, yarjejeniyar nan a yadda ka kawo ta ba ta halatta ba, kuma la'adar da za ka ci a kanta ba ta da tsarki. Amma gyaranta ba shi da nisa, shi ya sa zan tsawaita.

Harshenmu yana ruɗa mutane a nan, domin kalma ɗaya muke faɗa wa abu biyu. Ɗan kasuwa ya sayar da buhun albasa ya ce ya ci riba, Alƙur'ani kuma ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Ta farko ita ce abin da ya ƙaru a kan jari bayan mai jari ya sa dukiyarsa a inda za ta iya ƙaruwa ko ta salwanta. Ta biyu kuɗin ruwa ne. Abin da zai raba maka su tambaya ɗaya ce: in kuɗin ya narke, wa ya yi asara? In amsar ita ce Alhaji, to jari ya zuba, yana da haƙƙi a cikin abin da aka samu. In amsar ita ce samarin nan, to bashi ya ba su ko da ya kira shi jari, kuma miliyan 3 ɗin nan ruwa ne a kan bashi. Alhaji yana so ya zama mai bin bashi ranar asara, ya zama abokin tarayya ranar samu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Imam Malik ya kawo wani labari a Muwaɗɗa da ya dace da maganar nan. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, sun biyo ta Basra, sai gwamna Abu Musa al-Ash'ari ya ranta musu wasu kuɗi na baitulmali, su sayi kaya a Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa uwar kuɗi ga Halifa su riƙe abin da ya hau. Da suka iso, Umar ya ce su kawo duka, domin don suna 'ya'yansa aka yi musu wannan gata. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi kuwa ya ce ai da kuɗin ya ragu ko ya halaka, su za su biya. Sai wani a majalisar ya ba da shawarar a mai da shi ƙiradi, Umar ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba, su kuma suka ɗauki rabi. Dubi hujjar Ubaidullahi: wanda asara za ta faɗa wa, shi ke da hujjar neman riba. Ita ce ƙa'idar da ta zo a hadisin Nana A'isha cewa amfanin abu yana bin wanda lamuninsa ke wuyansa.

Ƙiradi, wanda wasu ke kira mudaraba, shi ne wani ya kawo kuɗi wani ya kawo aiki, su raba riba da kason da suka ambata tun farko: rabi da rabi, ko kashi 60 da 40, yadda suka daidaita. Ba a yanka wa ɗayansu adadi tsayayye. Ibnul Munzir ya ruwaito haɗuwar malamai a kan cewa in ɗaya ya ware wa kansa dirhami kaza, ƙiradin ya ɓaci. In an yi asara ba da gangan ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa guminsa.

Dole in faɗa maka gaskiyar mazhabarmu a nan. Malikawa sun ƙuntata ƙiradi, sun ɗauke shi a matsayin saye da sayarwa, har suka ce in aka sharɗanta wa mai aiki ya ɗinka ko ya ƙera da hannunsa, ƙiradin ya lalace, kuma ba su yarda a yanka masa wa'adi ba. Shirya fim kuwa ƙira ce, ba fatauci ba. Hambalawa sun fi faɗaɗawa a wurare biyun nan, kuma a kan faɗaɗawar ne akasarin malaman hada-hadar kuɗi na wannan zamani suke tafiya. Ni ma ita nake ba da fatawa da ita a irin wannan, domin dalilin halatta ƙiradi shi ne buƙatar mai kuɗin da bai iya sana'a ba da mai sana'ar da ba shi da kuɗi, kuma buƙatar tana nan a fim kamar yadda take a fataucin goro.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da haka ba yana da wata ƙofa. Alhaji ya mallaki fim ɗin gaba ɗaya, ya ɗauki samarin aiki da lada sananne, samu nasa asara tasa. Kusan haka 'yan kasuwar Idumota da Alaba a nan Legas suka riƙa yi da finafinan kudu tun shekarun 1990: su ba da kuɗi, fim ya zama nasu. Halal ne, sai dai masu basira sukan wayi gari ba su da komai a cikin abin da suka haifa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Haƙƙin mallakar fim dukiya ce da shari'a ta san da ita, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da irin wannan haƙƙi a zamanta na Kuwait a 1988. Saboda haka kada a bar shi a duhu, a rubuta na wane ne.

Inda rigimar masu fim da masu jari ta fi tashi shi ne ma'anar kalmar riba kanta. Kuɗin da ya fara shigowa ba riba ba ne. Babu riba sai uwar kuɗi ta dawo. To tsarin da 'yan fim suka saba, na a fara mayar wa mai jari kuɗinsa sannan a raba abin da ya biyo baya, ya yi daidai da ƙiradi. Amma akwai wani salo da ake cusawa, a ce sai mai jari ya karɓi kuɗinsa da ƙarin kashi 20 tukuna kafin a soma rabo. Wannan ban yarda da shi ba, domin in duk abin da fim ya samar bai wuce ƙarin nan ba, mai jari ya kwashe riba duka, masu aiki sun tashi hannu rabbana. A fara rabo daga nairar farko da ta hau kan jari. In Alhaji yana ganin kasadarsa ta fi girma, ya nemi kashi 70, babu laifi.

Haka batun sallamar darakta da furodusa. Jarumai, mai ɗaukar hoto, mai tace fim, hayar janareta, abinci da kuɗin mota zuwa lokeshan, duk daga jari ake biya. Amma wanda ya karɓi kuɗin a matsayin mai juya shi, kasonsa na riba shi ne ladansa, ba zai yanka wa kansa albashi daga jari a kan wannan aikin ba sannan ya dawo ya ci rabo. In yana da wani aiki daban, kamar shi ne kuma mai tacewa, ko kyamararsa za a yi haya, a yi wa wannan yarjejeniya ta daban da farashin kasuwa, Alhaji ya sani ya amince.

Kada Alhaji ya ji kamar an ɗaure shi an miƙa wa yara. Samarin amintattu ne a hukunci, amma suna biya in suka yi ta'adi ko sakaci ko suka saɓa sharaɗi. Wanda ya ɗebi kuɗin fim ya kai lefe, zai biya. Wanda ya ɗauki aikin sati uku a na'urar ajiya guda ɗaya tal, bai kwafe a wani wuri ba, ya manta jakar a cikin motar haya ta danfo a Oshodi, zai biya, domin duk mai wannan sana'a ya san ba a haka. Kuma mai jari yana da damar gindaya sharuɗɗa. An ruwaito cewa sahabi Hakim ɗan Hizam in ya ba da ƙiradi yakan sharɗanta kada a sa kuɗinsa a dabba mai rai, kada a hau teku da shi, kada a sauka da shi a kwarin da ruwa ke bi, in aka saɓa an lamunce. To Alhaji ya ce a saki kuɗi kashi-kashi bayan an nuna masa abin da aka ɗauka, ya ce a buɗe asusun banki na fim ɗin shi kaɗai, ya ce kowane kashe kuɗi da rasit. A kuma rubuta sunan wa tashar YouTube take, wa ke riƙe da lambar sirri, asusun wa dala za ta riƙa faɗawa, kuma har zuwa yaushe za a ci gaba da rabo, tunda fim a intanet yakan yi shekaru yana ɗigo.

Ban manta da fim ɗin kansa ba. Malamai sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo, akwai masu hanawa gaba ɗaya, kuma ina girmama su. Abin da na rinjayar shi ne hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa da yadda aka yi shi. In akwai tsiraici, rungume-rungume, rawar maza da mata, ko izgili da addini, to zuba kuɗi a ciki taimako ne a kan saɓo, aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma kyawun yarjejeniya ba ya wanke shi. Kai da Alhaji ku karanta labarin, ko a karanta muku, kafin a saki ko kwabo. Na sha ganin an kawo labari mai tsabta, ana tsakiyar aiki a ce kasuwa ba za ta karɓa ba sai an sa waƙa da rawa. A rubuta tun yanzu cewa ba za a ƙara abin da ba ya cikin labarin ba sai da izinin mai jari. Tallace-tallacen da ke fitowa a kan fim ma a kula, akwai wurin da mai tasha zai toshe nau'in tallan caca da giya, su toshe iyakar iyawarsu.

Yanzu kai. Dillanci sana'a ce halal. Bukhari ya buɗe babi a kan ladan dillali, ya ambaci cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Kashi 5 na miliyan 12 adadi ne sananne, naira dubu 600, babu jahilci a ciki. In an gyara yarjejeniyar, ci abinka. In aka bar ta a kan ruwa, ka tuna hadisin Jabir a Sahihu Muslim, inda la'anar ta haɗa da mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu. Wanda ya ƙulla cinikin tun daga tushe bai fi marubuci nisa da ita ba. A fayyace kuma wa zai biya ka. In daga cikin miliyan 12 za a cire, Alhaji ya san cewa abin da zai shiga aiki ya ragu. In kana karɓa daga ɓangarori biyu, kowa ya sani.

Tsayawar da Alhaji ya nema kuwa, kada ka yi ta a yadda ya faɗa. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta halatta wani na uku ya ɗauki alkawarin cike asarar jari, amma da sharaɗin ya zama sa-kai ne, ba ya karɓar komai, kuma alkawarinsa a ware yake daga yarjejeniyar. Kai kana cin la'ada a cinikin, lamuninka ya zama na kuɗi, kuma ba a karɓar lada a kan lamuni. Abin da za ka iya, in ka ga dama, shi ne ka tsaya a kan cewa in yaran suka ci amana ko suka yi sakaci, kai za ka biya abin da ya hau kansu, ba tare da an ƙara maka ko sisi saboda haka ba. Faɗuwar kasuwa kuwa ba mai lamunce ta.

Nauyin da ya fi wannan a wuyanka shi ne gaskiya. Alhaji ya san albasa, ya san asarar mota in ta kwana a hanya tsakanin Sakkwato da Legas, amma bai san fim ba. Gaya masa cewa sabuwar tasha ba ta shiga rabon kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ko ta shiga, kashi 55 ne na mai tasha, sauran na kamfanin. Gaya masa ana satar fim a watsa a waya kyauta, kuma kuɗinsa na iya wuce shekara bai dawo ba, yana iya ƙin dawowa ma. In ya ji duk wannan ya ce ya fasa, la'adarka ta tafi, amma ba ka ci haram ba.

In ya fasa ɗin, samarin za su ji labarin bashin gwamnati, kamar shirin da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2019 don masu sana'ar fasaha, mai ruwa har kashi 9 cikin 100. Sauƙin ruwa bai fitar da shi daga ruwa ba. Tallafin da ba a mayarwa kyauta ce, su karɓa in sharuɗɗansa ba su karkatar da labarin zuwa ɓarna ba. Karo-karon masoya ma haka. Kayan aiki irin su kyamara da fitilu kuwa, suna iya tuntuɓar bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su tambaya ko za a saya a sayar musu da biya a hankali. Za su kuma iya rage buri, su ɗauki kashi uku na farko na fim ɗin da miliyan 2 ko 3 daga mutum biyu ko uku, kowa da kasonsa a rubuce gaban shaidu, su ga yadda masu kallo za su karɓa kafin a nemi sauran.

Wallahu a'alam.