An ce ba ni da ciwon hanta na B ko C, amma shawara ta ƙi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekarata 34, ina zaune a Rijiyar Lemo. Tun bayan babbar sallah nake fama da kasala da ciwon gaɓoɓi, idona ya yi ɗorawa, fitsarina kamar ruwan bunu. An gwada ni ciwon hanta na B da C, duk babu. Na sha jiƙe-jiƙen shawara har na gaji. Yanzu wani likita ya ce wataƙila garkuwar jikina ce ke yaƙar hantata. Shin da gaske akwai irin wannan ciwo, kuma yana da magani?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Da gaske akwai shi, kuma likitan nan ya kyauta da ya kawo shi a ransa. A nan Kano da an ce ciwon hanta, hankalin kowa B yake tafiya, saboda shi ya fi addabar mu. Sai mutum ya karɓi takarda an rubuta babu B babu C, ya koma gida da murna, alhali hantar tana ci gaba da kumbura.

Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jiki da aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta take juyowa kan ƙwayoyin hanta. Ba a ɗaukarsa, ba ki shafa wa maigida ko yara, don haka babu dalilin ware miki kwano. Ya fi kama mata, kusan uku cikin huɗu na masu shi mata ne, kuma yakan zo tare da danginsa, kamar ciwon maƙoƙo ko ciwon suga irin na yara. Akwai kuma nau'in da ke cin hanyoyin ruwan matsarmama, mai sa ƙaiƙayin jiki, wanda maganinsa daban ne. Shi ya sa tantancewa ke da muhimmanci.

Ki nemi takardar turawa zuwa sashen likitocin ciki da hanta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Ki tafi da duk sakamakon da aka taɓa yi miki, da kwalin kowane magani da kika sha a watannin nan, har da na gargajiya da na gyaran jiki. Kada kunya ta sa ki ɓoye ko ɗaya. Wasu magungunan, irin su naitirofurantoyin na sanyin mafitsara da metildofa na hawan jinin masu ciki, suna iya jawo kumburin da ya yi kama da wannan sak. Jiƙon kuwa ki dakatar da shi daga yau, domin duk abin da kika haɗiya hantar nan mai ciwo ce za ta sarrafa shi.

Babu gwaji guda da ke yanke hukunci shi kaɗai. Za a ɗebi jini a duba sinadaran hanta da ake kira ALT da AST don ganin girman kumburin, a auna sinadarin garkuwa na IgG wanda yakan hau sama a wannan ciwo, a nemi alamun garkuwa mai yaƙar jiki irin su ANA da SMA, a kuma yi hoton ciki. Wasu daga cikinsu da tsada, wani lokaci ma sai an aika jinin wani wuri. Daga nan yawanci sai a ɗebi ɗan ƙaramin yanki na tsokar hanta da siririyar allura. Nan ne mutanenmu ke ja da baya, dangi su ce kada a yarda a taɓa hanta. Ana kashe wurin da allura, ana duba daskarewar jini tukuna, sannan a kwantar da ke wasu awanni ana lura. A ganina gwajin nan ya cancanci wahalarsa, don shi ke nuna ko hantar ta fara tabo, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na manya tabon ya riga ya kama su kafin a gano ciwon.

Maganin yana aiki sosai ga mafi yawan mutane. Ana farawa da furednisolon don kwantar da kumburin, a riƙa rage shi a hankali, a haɗa da azatiyofirin wanda shi ake daɗewa a kai. Kafin nan akan duba tarin fuka, tunda magungunan suna rage ƙarfin garkuwa, kuma tunda ba ki da B, ki tambaya a yi miki rigakafinsa.

Ina roƙon ki da abu ɗaya: kada ki je kemis ki sayi furednisolon da kanki, kuma in an ɗora ki a kai kada ki yanke shi rana ɗaya. Zai iya sa fuska ta cika, ƙiba ta zo, suga ko jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Mata da yawa a nan suke ajiye shi, ko kuma da ido ya washe su ce sun warke. Yankewar farat ɗaya tana da haɗari, ciwon kuma yakan dawo. Akan yi aƙalla shekara 2 ana sha bayan gwaje-gwaje sun daidaita kafin a yi maganar dainawa, wasu kuma har tsawon rayuwa. Azatiyofirin yana buƙatar gwajin jini akai-akai saboda yana iya rage fararen ƙwayoyin jini.

Batun haihuwa kada ya tayar miki da hankali, masu wannan ciwo suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, amma a tsara shi da likita bayan kumburin ya lafa. Haka azumi, a tattauna tun a Sha'aban.

In kika ga aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ciki ya kumbura, ko 'yan gida suka lura kina ruɗewa da yawan barcin rana, kada a jira ranar ganin likita, a kai ki sashen gaggawa a lokacin.