Motar zamani ta fi ta da gudu, amma wace taya ce a ƙarƙashinta?

Tambaya: Kawu, barka da war haka. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Mahaifin abokina tsohon direba ne, ya ce fijo 504 da ya ja a shekarun 1980 babu motar yanzu da za ta sha gabanta, wai motocin yau duk roba ne da waya. Ni kuma na ce ko Corolla ta fi ta gudu. A raba mana gardama, don kuɗi nake tarawa zan sayi mota. Daga S.A., Zariya.

Amsa: Ɗana, kai ke da gaskiya, amma kada ka je ka ƙaryata dattijo a gaban 'ya'yansa. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka riƙa haɗa ta a Kaduna tun daga tsakiyar shekarun 1970. Injinta mai lita biyu da kaburato ƙarfin doki 90 da 'yan kai yake bayarwa, giya huɗu gare ta, in an taka ta har ƙasa takan kai wajen kilomita 160 a awa. Corolla ta 2010 mai lita 1.8, wadda injinta bai kai na fijo girma ba, doki 132 take da shi. Camry mai V6 (inji mai silinda shida) ta 2007, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, doki 268 ne. Daga tsaye zuwa gudun 100, fijo sai ta haura daƙiƙa goma sha biyu, Camry ɗin nan a wajen rabin haka ta gama.

Abin da ya kawo bambancin a fili yake. Kaburato zuba mai yake yi da ka, shi kuwa injin yanzu kwamfuta ce ke auna iska da mai tana fesawa daidai buƙata. An ƙara yawan giya, an gyara fasalin jikin mota yadda zai ratsa iska. Duk da haka motocin yau sun fi na da nauyi: Golf ta farko a 1974 wajen kilo 800 ce, ta yanzu ta haura 1,200, saboda ƙarfen kariya da na'urar sanyi da jakar iska.

Shi ma Baba yana da abin kamawa. A zamaninsa waɗanda yake wucewa su ne Beetle mai doki talatin da wani abu da manyan motocin katako, titi sabo ne, motoci ba su da yawa. Gilashi a sauke, iska na kaɗa hula, inji na ruri, sitiyari na rawa a hannu, dole 130 ta zama kamar tashin jirgi. Motar yanzu kuwa kana 140 yara na barci a baya. Sannan a hanya mai ramuka 504 gwana ce, ita ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. In ka bi da Corolla hanyar ƙauye da damina ta cinye, Baba zai wuce ka yana ɗaga maka hannu. Ka faɗa masa wannan, sai ku rabu lafiya.

Tambaya: Motoci biyu na gani a wajen dillali. Agogon gudun ɗaya ya tsaya a 220, ɗaya kuma 260. Ashe ba ta 260 ɗin ya kamata in ɗauka ba? Daga M.B., Gusau.

Amsa: Lamba ce aka rubuta a faranti, Malam. Kamfani kan sa agogo iri ɗaya a mota mai ƙaramin inji da mai babba. Manyan kamfanonin Jamus ma sun daɗe suna ɗaure yawancin motocinsu a 250, Volvo kuwa tun 2020 ta tsayar da nata a 180. A wane titin Gusau za ka yi 220 ɗin balle ka nemi ƙari? Ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin injin ka ga wadda ke ɗigar da baƙin mai.

Tambaya: Na sayi Honda Accord mai V6, gaskiya tana gudu, na taɓa kai 170 tsakanin Kaduna da Zariya. Tayoyin sun fara suɗewa, kuɗi kuma sun tafi a sayen motar da rim da fitilu. Abokina ya ce in sa 'yan Beljiyam, wai sun fi sababbin yanzu ƙarko. Daga U.I., Kaduna.

Amsa: Wasiƙar da ta hana ni sukuni ke nan. Ka samu kuɗin rim, ka samu na fitila mai kashe wa na gabanka ido, taya ce ta zama abin neman sauƙi. Duk dokin nan ɗari biyu da ɗoriya da kake taƙama da su, abin da ya haɗa su da kwalta wuri huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannunka ba.

Me ake nufi da 'yar Beljiyam? Taya ce da wani a Turai ko Asiya ya cire ya yar. Kafin ta iso an cusa biyu ko uku cikin ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa, wayoyin cikinta sun lanƙwashe, ba kuma za ka gani da ido ba. A nan sai a wanke ta, a shafe ta da abin sa ƙyalli, wata ma a sa wuƙa mai zafi a zurfafa mata zane. Wasu daga cikinsu tayoyin hunturu ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefensu. Robarsu mai laushi ce don sanyi aka yi ta, kai kuma za ka ɗora ta a kan kwaltar watan Afrilu da tsakar rana. Tayoyin ƙananan motoci da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge a kowace kasuwar kayan mota. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal, Dunlop ma ta daina yi a Legas, kusan komai daga waje yake zuwa, mai kyau da marar kyau a haɗe.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Je ka tsuguna gefen motarka yanzu, ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta. Masu ƙerawa sukan ba da fiye da haka, amma ko su sun ce kada ta wuce goma, kuma ba da zafin Sakkwato suka yi lissafi ba. Wannan dubawar har sabuwar taya ta shafa, don akwai wadda ta shekara biyar a sito ana sayar da ita a leda. In ka ga an kankare lambar ko an shafe ta, ajiye ka tafi, ba ciniki.

Akwai kuma harafin da ke bayan lambar girman taya, wanda ba mai karantawa sai ƙalilan. S tana nufin iyakarta 180, T 190, H 210, V 240. Wannan ga taya lafiyayya ne, mai iska daidai, ba lodi fiye da ƙima. Tsohuwa mai faci uku ba ta da wani harafi kuma. Batun iska ma, mai faci zai buga ta da ƙarfe ya saurari ƙara ya ce ta yi, ko ya ɗura mata hamsin don kada ka dawo da wuri. Adadin da motarka ke so yana manne a jikin ƙofar direba, ga ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne. Ka sayi ma'auninka ka ajiye a mota, bai kai kuɗin fitila ɗaya ba.

Yanzu lissafin 170 ɗinka. A gudun 100, mota na cin mita 28 duk daƙiƙa. A 140, mita 39, kuma tazarar da birki ke buƙata kafin ta tsaya ta kusa ninka ta 100. A 170 ta kusa ninki uku. Tirela ta mutu a bayan kwana an jera ganye, ko shanu sun ratso, ko mai babur ya yanko hannun da ba nasa ba: ina za ka samu wannan filin? Dokar hanya ta ba ƙaramar mota 100 a babban titi mai hannu biyu. Ribar ma nawa ce? Tafiyar kilomita 200 a gudun 100 awa biyu ce, a 120 awa ɗaya da minti arba'in. Minti ashirin, waɗanda za ka zubar a shingen bincike ko wajen mai tsire.

Ban ma shiga maganar takalmin birki na jabu ba, mai zuwa a kwali mai tambarin kamfani, ya yi ƙara a mako na biyu ya ƙone a gangara. Haka man birki da ake ɗurawa daga jarka marar suna. Fitilar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi) ta kama, maimakon a gyara sai makaniki ya cire ƙwan ko ya liƙe ta da baƙin salatif. Injin zamani ne ke jan motar, abin da zai tsayar da ita kuwa bai kai na fijon Baba na Zariya ba. Sayar da rim ɗin nan in ta kama. Sayi sababbin taya a wajen dila mai shago da rasit. In huɗu sun gagara, sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, ka rage gudu har ka cike sauran. Abokin naka kuma, ka tambaye shi ko zai zauna a gaba.

Tambaya: Kawu, ni malamar makaranta ce, mijina ya rasu, yara uku nake kaiwa makaranta a adaidaita. Na tara kuɗin ƙaramar mota amma tsoro nake ji, an ce motocin yanzu da ka taɓa totur sai su zabura. Ko in nemi tsohuwa marar ƙarfi? Daga Hajiya R., Katsina.

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya raya marayu. 'Yata, kwantar da hankalinki, mota ba ta gudu sai an sa ta. Tsoron nan naki ma alheri ne, masu irinsa ba su cika ba mu aiki ba. Kada ki sayi tsohuwa don neman tsira, a nan ne motar zamani ta yi wa ta da nisa ƙwarai. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta yi karo da Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar mai kama da tankar yaƙi ta murƙushe har mazaunin direba, sabuwar gabanta ya lotse amma ɗakin zama ya tsaya. Nemi mai silinda huɗu, mai giyar otomatik, irin wadda kowane makaniki a Katsina ya sani kuma kayanta ke kasuwa. Ki je da makanikin da ke kika ɗauko, ba na dillali ba. A kunna motar a gabanki: fitilar jakar iska da ta ABS su kama, su mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba su kama ba sam, an taɓa su. A ɗaga kafet a duba laka ko tsatsa, don akwai motocin da ambaliya ta ci a Amurka ake gwanjonsu. Ki ware kuɗin taya da juyen mai tun kafin ciniki. Koyon tuƙi kuma a makarantar tuƙi, ba a hannun ƙanin miji mai tsawa ba. Yaran a baya, kowa da bel.

Tambaya: V6 ko silinda huɗu? Daga A.G., Kano.

Amsa: Ka san kuɗin lita tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. In zirga-zirgarka tsakanin Hotoro da Kantin Kwari ce, a go-sulo V6 shan mai kawai take yi ba ta gudun. Huɗu.

Tambaya: An ce in na cire abin cikin salansa da ake kira indomi, na sa bututu mai ƙara, motar za ta ƙara gudu. Akwai kuma wani ruwa a kwalba da ake zubawa a tanki. Daga Y.K., Bauchi.

Amsa: Ƙara za ta ƙaru, maƙwabta su tsine maka da asuba. Wanda ya ba ka shawarar cire indomin so yake ya saya, don akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa. Kana cirewa fitilar inji za ta kama, hayaƙin ya yi wari. Ruwan kwalba kuwa bar wa mai shi. Canja fulogi da matatar iska, ka yi juye a kan lokaci da mai na gaske, za ka ji motar ta saki jiki.

Tambaya: Bas nake ja ta haya, mai motar ya sa na'urar taƙaita gudu, abokan aiki na riga ni lodi. A ina ake cirewa? Daga direba, Jos.

Amsa: Ba a wannan shafin ba. Tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ke tilasta wa motocin haya sa ta, kuma mutum goma sha takwas ne a bayanka. Ka riƙa fita da wuri.