Fanka na juyawa da sauri ɗaya, to me ke canzawa?

Ƙanena na Garwa, ka tambaya: in fanka tana juyawa ba ƙari ba ragi, me ya sa malaminku ya ce gudun bakin reshenta yana canzawa? Ruɗanin daga Faransanci ne, kalmar vitesse ɗaya ce take ɗaukar abu biyu.

Sauri adadi ne kawai. Gudu mai alkibla kuwa adadi ne haɗe da inda abu ya dosa. Dubi majajjawa: kana sakin dutse, ba ya ci gaba da zagaye, sai ya miƙe fyu ta inda ya fuskanta a lokacin. Wannan fuskar ce take sauyawa kowane ɗan lokaci, ko da saurin na nan daram.

Ga lissafi. A ce fanka tana zagaye 300 a minti, daga tsakiya zuwa bakin reshe mita 0.6. Ninka 300 da 2π, ka raba da 60, ka sami radiyan 31.4 a daƙiƙa (radiyan ma'aunin kusurwa ne, zagaye ɗaya radiyan 2π ne, wato kusan 6.28). Wannan shi ne saurin juyawa, duk reshen ya yi tarayya a kansa. Ninka shi da 0.6, bakin reshe na gudun mita 18.8 a daƙiƙa, rabin reshe kuwa 9.4 kacal.

Inda ɗalibai ke faɗuwa: su zuba 300 kai tsaye cikin v = rω (v saurin bakin reshe, r nisansa daga tsakiya, ω saurin juyawa) ba su mayar da shi radiyan a daƙiƙa ba, ko su ɗauki faɗin da'ira gaba ɗaya maimakon rabinsa. Alkiblar juyawar kanta tana bin sandar tsakiya ne. Naɗe yatsun hannun dama yadda fankar ke juyawa, babban yatsa zai nuna maka ita.