Me ya kai ƙwayoyin cuta cikin nono da burodi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar ajin SS2 ce a Agege. Malamin bayoloji ya ce mana ƙananan halittu ne ke kawo kwalara, sai kuma ya ce akwai su a cikin nono da burodi. Tun ranar na kasa shan fura hankali kwance. Yaya abin yake?

Amsa: 'Yata, sha furarki. Sunan ne ya ruɗe ki, kuma mu malamai muna da laifi, domin mun saba kiran su duka "ƙwayoyin cuta", alhali masu jawo cutar su ne tsiraru. Ƙananan halittu dai su ne waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani ɗan kasuwar tufafi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin bakteriya, wani nau'i daga cikinsu, a wajajen 1676, da gilashin da ya goge da hannunsa.

Ki tsaya kusa da mai yin kindirmo. Za ta dafa madara, ta bari ta huce, ta ɗiga ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwarya ta kwana. Ɗigon nan bakteriya ta shuka. Su ke cinye sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya daskarar da ita, ya hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Burodin unguwarku da ya yi suna a duk Najeriya, yis ne ke kumbura shi, yis kuwa dangin fungai ne, wato su fumfuna. Daddawar miya ma bakteriya ce ta nunar da kalwar. A hanjinki yanzu haka akwai wasu birjik da ke taya ki narkar da abinci.

Masu cutarwar kuwa, ki riƙe su gida-gida, don nan ake yawan tuntuɓe a jarrabawar WAEC. Kwalara, taifot da tarin fuka na bakteriya ne. Mura, ƙyanda da shan inna na bairos ne. Makero na fungai ne. Zazzaɓin cizon sauro kuma wata halitta ce mai suna Plasmodium, sauro ɗan aike ne kawai.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan rabon ya wuce jarrabawa. Kafso ɗin da ake saye a kemis da zarar hanci ya fara yoyo, na kashe bakteriya ne, ba ya taɓa bairos ɗin mura ko kaɗan. Sai dai ya kashe na kirkin da ke cikin hanji, ya bar masu taurin kai su yi yawa, ranar da ciwon gaske ya zo magani ya ƙi ci. Alexander Fleming da ya gano fenisilin, maganin kashe bakteriya, a 1928, shi da kansa ya yi wannan gargaɗin. Raina na ɓaci in na ga uwa tana ɓare kafso tana zuba wa jariri a cokali ba tare da likita ya rubuta ba.

Kwalara ta fi damuna a nan Legas, kin dai ga yadda ta ɓarke a watan Yunin 2024. Ƙwayarta, Vibrio cholerae, daga bayan gidan mai ɗauke da ita take fitowa. Da damina kwata ta cika ta tumbatsa, ruwanta ya sulale cikin rijiya ko fasasshen bututu, mai ruwa ya cika jarkokinsa, ya turo kura har ƙofar gida. Ruwan garau yake, ba wari ba launi, shi kansa bai san abin da ya ɗauko ba. Wasu bakteriyar, in sun samu ɗumi da abinci, kowane minti 20 suke rabewa biyu. Lissafa ki gani: guda ɗaya ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Shi ya sa shinkafar da ta yini a buɗe take juya ciki.

Don haka ki tafasa ruwan sha, ki wanke hannu da sabulu bayan kin zagaya da kafin cin abinci. Nonon ma ki duba ruwan da aka dama shi da shi, can haɗarin yake. In wani ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, rashin ruwa a jiki ne ke kisa, cikin awoyi kaɗan. A haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa ana kan hanyar asibiti.