Ina sayar da atamfa ta WhatsApp: ina ribar take, kuma TVA ta shafe ni?

Wata 'yar kasuwa daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta aiko da tambaya. Tana saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari a Kano, tana tallarsu a WhatsApp da Facebook, masu saye har daga Yamai da Damagaram. Ciniki na tafiya, amma ba ta ganin ribar a hannu. Wata ƙawarta kuma ta tsorata ta, wai dole ta riƙa ɗora TVA, wato harajin da ake ƙarawa kan farashin kaya, a kan kowane turmi.

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Mu fara da ribar, don a nan kuɗinki ke zurarewa.

Rashin biyan hayar shago ne ke ruɗin masu sayarwa ta waya, sai su ɗauka ba su da wani kashe kuɗi bayan kuɗin sari. A ce turmi ya zo miki a jaka 9, kin sayar jaka 12. Jaka 3 ɗin nan ba riba ba ce tukuna. A cikinta za a fidda kuɗin motar da ta ɗauko kayan ta Jibiya da Ɗan Isa, da na duwan, da ɗan kabu-kabun da ya kai ƙunshin tasha, da kuɗin aikawa Yamai idan ke kika ɗauka, da abin da ake yanka in an turo kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, da forfen intanet, da leda. Ki ƙara da turmin da aka maido wai launinsa bai yi kama da na hoto ba. Ki tara duka na wata guda, ki raba da yawan turamen da kika sayar. Abin da ya fito ki ɗora shi kan kuɗin sari kafin ki yanka farashi.

Sai naira. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa yau sama gobe ƙasa. Kada ki yi farashi da canjin ranar da kika saro. Ki yi shi da abin da zai ci ki in za ki sake saro irin turmin a yau, in ba haka ba kina cin jari kina kiransa riba. Bashin dangi na "turo mini, ƙarshen wata zan biya" shi ma ki rubuta shi daban, bai shiga ciniki ba sai ranar da kuɗin ya zo.

Game da haraji, ƙawarki ta ji rabin magana ne. TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ce: kayan jaka 10 ya koma sefa 11,900. Amma manyan 'yan kasuwa da ke tsarin da ake kira réel su ne ke karɓarta daga mai saye, su ba da faktir, su cire wadda suka biya wajen sari, su kai wa DGI, wato ma'aikatar haraji, ragowar. Ƙaramin ɗan kasuwa ana sa shi ne a tsarin impôt synthétique, wanda mutane ke ci gaba da kira patanti, ana yanka shi gwargwadon cinikin shekara. Wanda ke wannan tsari ba a yarda ya ɗora TVA a kan faktir ɗinsa ba. In kika ƙara kashi 19 da kanki, kin tsawwala wa masu saye a banza, kin kuma karɓi kuɗi da sunan gwamnati ba da izini ba.

Wannan bai sa kin kuɓuta ba. Doka ba ta duba ko kantin na bakin kasuwa ne ko na cikin waya, sana'a ce ake bi. Ki je reshen Chambre de commerce na Maraɗi ki yi rajistar kasuwanci, wato RCCM, ki samu lambar NIF daga ma'aikatar haraji. Ranar da wata makaranta ko ƙungiya ta nemi anko mai yawa, lambar nan za su fara tambaya kafin su biya.

In za ki je, ki riƙe littafin cinikinki da rasit ɗin turo kuɗi na 'yan watannin nan. Wanda ya zo hannu rabbana, ma'aikaci ne ke ƙiyasta masa ciniki da ka, kuma da wuya ƙiyasin ya zo ƙasa da gaskiya. Lambar wayar ciniki ma ki raba ta da ta gida tun yanzu, don kada gudummawar biki da aka turo miki ta shiga lissafin atamfa.